Gwanintar da ke Rataye a Ƙarƙashin Fiffike

A ƙarƙashin fikafikan jirgin yaƙi akwai wasu dogayen abubuwa masu tsinin baki, waɗanda mutane da yawa kan ɗauka bama-bamai ne ko makamai masu linzami. Sau tari tankunan mai ne. Jirgin yaƙi mashayin mai ne na gaske, ga shi injin da na'urori sun cinye masa ciki, don haka in tafiya ta yi nisa sai a rataya masa ƙarin guzuri daga waje. F-16 na Amurka yana ɗaukar kimanin kilo 3,200 na mai a cikin jikinsa. Tankuna biyu na fiffike, kowanne galan 370, wato lita 1,400, suna ƙara masa sama da kilo 2,200.

Akwai wasu bayin Allah a Japan da Turai da Amurka da sauran sassan duniya da suka ɗauki gina ƙananan samfuran waɗannan jirage abin sha'awarsu na rayuwa. Sukan sayi kwali cike da gutsattsarin roba daga kamfanoni irin su Tamiya da Hasegawa na Japan, Airfix na Ingila, ko Eduard na ƙasar Cek, su zauna makonni ko watanni suna yanka, suna haɗawa, suna gogewa, suna fenti. Ɗan kallo yakan zuba ido a kujerar matuƙi da hancin jirgi da tambarin da ke wutsiya. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda gwanayensu ke bi da tankin nan, wanda bai kai tsawon tafin hannu ba, kuma in an gama shi a inuwar fiffike zai zauna.

Sai an fahimci ma'auni kafin a gane wuyar aikin. Ma'aunai biyu ne suka fi yawa a jiragen yaƙi: 1/72 da 1/48. A na farko, inci ɗaya na samfuri yana tsayawa a madadin ƙafa shida na jirgin gaske. A na biyu, ƙafa huɗu. F-16 mai tsawon kimanin mita 15 yakan dawo santimita 31 a ma'aunin 1/48, ko 21 a 1/72. Cikin tanki kuwa raguwarsa ta fi haka nesa ba kusa ba, tunda tsawo da faɗi da zurfi tare suke raguwa: lita 1,400 ɗin nan, in an mayar da ita 1/48, ba ta cika mililita 13 ba, ƙaramin cokali biyu da rabi ke nan. Lissafin yana aiki ta baya ma, kuma nan fargabar magini take. Tsagar da ya bari mai faɗin milimita ɗaya, a jirgin gaske kusan santimita 5 ce, kafar da mai zai tsiyaye ta cikinta tun jirgi bai bar ƙasa ba.

Aikin yana farawa tun ba a taɓa wuƙa ba. Gwani yakan fara da tambayar kansa: jirgin wace ƙasa nake ginawa, na wace shekara, kuma ina za shi? Amsar ce ke zaɓar tanki. Kamfanin da ya yi kwalin yakan zuba tankuna iri biyu ko uku a ciki don kwali ɗaya ya wadatar da masu gina jiragen ƙasashe daban-daban, zanen da ke takardar umarni kuma sau da yawa yana nuna duk abin da jirgin zai iya ɗauka ne, ko da bai saba ɗaukarsu a tare ba. Rago yakan manna duk abin da ya tarar. Gwani yakan tara hotunan jirgin gaske, wani lokaci ma na jirgi guda tak mai lamba kaza a wutsiya, ya yi ta ƙura musu ido har ya san abin da ke rataye a kowane wuri.

Wurin ratayar nan ana iya kiransa maratayi, wata siririyar katanga ce ta ƙarfe da ke saukowa daga fiffike ko daga cikin jirgi ta riƙe kaya. F-16 yana da wuraren rataya masu lamba 1 zuwa 9, daga bakin fiffiken hagu zuwa na dama, amma uku kaɗai aka ja wa bututun mai: na 4 da na 6, waɗanda suka fi kusa da jiki a kowane fiffike, sai na 5 a tsakiyar ciki. Mai galan 370 na fiffike ne. Na ciki galan 300 ne, siffarsa kuma daban, a ɗan daɓe yake saboda tazarar da ke tsakanin cikin jirgin da ƙasa kaɗan ce. Isra'ila ta yi amfani da manya masu galan 600 a fiffike. Akwai kuma nau'in da ba a rataya shi, ana kwantar da shi ne a kafaɗun jirgin, hagu da dama na gadon baya, ya bi siffar jiki; biyun tare galan 450 suke ɗauka. Ana ganinsu a F-16 na Girka da Poland da Isra'ila da Pakistan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, amma wanda ya ɗora su a jirgin aikin yau da kullum na sojin saman Amurka ya gina abin da ba a saba gani a sansanoninsu ba.

Galan ɗin ma iri biyu ne: na Amurka kusan lita 3.8, na Ingila kusan lita 4.5. Jiragen Sea Harrier na Birtaniya da suka gwabza da Ajantina a kan tsibiran Falkland a 1982 sun tashi ne da tankuna masu galan 100 na Ingila. Manyan masu galan 190 daga baya suka zo. Wanda ya rubuta watan Mayun 1982 a gindin samfurinsa, ya kuma rataya manyan, ya haɗa jirgin wani lokaci da tankin wani lokaci. Mai son gina MiG-21MF, irin wanda rundunar sojin saman Najeriya ta fara karɓa daga Tarayyar Sobiyet a 1975, zai tarar da tankuna biyu a lissafin lita, mai 490 da mai 800. Babban a tsakiyar ciki kaɗai yake zama. Ƙaramin yana iya zama a ciki ko a marataya na waje a fikafikai. JF-17, wanda Najeriya ta ƙaddamar da guda uku a Makurɗi a watan Mayun 2021, yana ɗaukar mai lita 800 a ciki da mai lita 1,100 a kowane fiffike. Rafale na Faransa yana da siriri mai lita 1,250 don gudun da ya zarce na sauti, da ƙato mai lita 2,000 don doguwar tafiya, ta yadda duk wanda ya san jirgin, da ya ga tankin ya san aikin da aka tura shi.

Rashin tanki ma zaɓi ne da ake yi da ilimi. Su-27 na Rasha ba ya ɗaukar tankin waje, domin an yi masa ciki mai cin sama da tan 9 na mai. A yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, matuƙan F-86 Sabre kan saki tankunansu da zarar sun hango MiG-15 don jirgi ya yi sauƙin juyi, saboda haka Sabre da ya dawo daga artabu fikafikansa wayam ne. Dabarar ta girmi jiragen jet. A Yaƙin Duniya na Biyu, P-51 Mustang sun raka jiragen bama-bamai har cikin Jamus da tankuna masu galan 108 da aka yi a Ingila da takarda da gam, waɗanda ake cikawa dab da tashi don mai na tausasa su cikin sa'o'i. A Biyetnam kuwa, tankunan ƙarfen da jiragen Amurka suka zubar, mutanen karkara sun tsaga su sun yi kwale-kwale.

Inda gwani ya fi burge ni shi ne lokacin da gaskiya ta saɓa wa abin da ido ke so. Ido yana son ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Amma jiragen F/A-18 na Amurka, a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan, sun sha tashi da tanki ɗaya a ciki, ɗaya a fiffiken dama, babu a hagu, don na'urar hangen abin hari da ke maƙale a gefen hagu ta samu sararin ganin ƙasa. Maginin da ya bar samfurinsa a haka ya san za a tambaye shi ko ɗayan ya faɗi ne, kuma duk da haka abin da hoto ya nuna shi yake bi.

In an gama zaɓi sai hannu ya karɓi aiki. Tanki yakan zo ɓari biyu, rabi da rabi, a maƙale da wani firam na roba, hanyar da narkakkiyar roba ta bi ta cika mazubi a masana'anta. Ba a murɗe ɓarin a ɓalle shi da hannu. Ana sa ƙaramar filaya mai kaifi a yanke nesa kaɗan da jikin, a bar ɗan tsiro, sannan a bi tsiron da wuƙa mai bakin reza a fere shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya yanke dab da jiki yakan ciro tsoka, ya bar rami a daidai inda ɓari biyu za su haɗu.

Sai a haɗa su ba gam, a juya a gaban fitila, a bi mahaɗin da farce, don farce yana jin tudun da ido bai gani ba. A cikin kowane ɓari akwai 'yan turaku na roba da ramukan da za su shiga, an yi su ne don su daidaita haɗi. In ya zama su ne ke sa ɓari ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa, gwani yakan yanke su ya yar, ya dogara da idonsa da yatsunsa. Yakan shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi, ya kifa ɓarin a kai, ya zagaya da shi sau biyu ko uku don bakin ya yi sumul. Ba ya wuce haka, domin duk abin da sanfefar ta ci daga kaurin tankin take ci, kuma in ta zarce ya daina zama mulmulalle.

Gam ɗin wannan aiki ruwa ne tsararo mai narkar da fuskar robar, har ɓari biyu su zama tsoka ɗaya. Wanda ya fi suna shi ne Tamiya Extra Thin, mai koren murfi da ɗan burushi a cikinsa. Ana riƙe ɓarin biyu da 'yar tazarar da ido da ƙyar yake gani, a taɓa bakin burushin a tsagar, ruwan ya zarce da kansa ya bi layin. A dakata daƙiƙoƙi kaɗan, a matse. Wani siririn zare na narkakkiyar roba zai tsattsafo a tsawon mahaɗin, kuma shi ake nema, don shi ne shaidar babu rami a ƙarƙashi. Ana tafiya ne daga hanci zuwa wutsiya, taki-taki, yatsu nesa da layin, saboda ruwan nan in ya kurɗa ƙarƙashin yatsa zai buga zanen yatsan a jikin tanki.

Daga nan sai jira, kuma jiran nan ke raba maginan gida biyu. A waje roba kan yi kamar ta bushe cikin sa'a guda, alhali a ciki tana nan da taushi, tana ci gaba da tsukewa yayin da ruwan gam ke fita. Mai gaggawa yakan goge a daren, ya yi fenti washegari, ya ga komai sumul. Bayan mako biyu sai wani siririn layi ya bayyana a ƙarƙashin fentin, daga hanci har wutsiya, wanda masu wannan aiki ke kira fatalwar mahaɗi. Gwani yakan ajiye tankin kwanaki, wani har mako, ya koma kan kujerar matuƙi ko ƙafafun jirgin. Shi ya sa da yawansu tanki suke fara haɗawa ranar da suka buɗe kwali, duk da shi ne zai hau jirgi a ƙarshe.

Gugar ita ce zuciyar aikin. Jikin jirgi yana da kusurwoyi da ƙofofi da eriya da kan ɗauke ido daga kuskure. Tanki ba shi da maɓoya. Doguwar lanƙwasa ce da haske ke bi daga wannan baki zuwa wancan, duk inda ya yi tuntuɓe za a gani. Da farko ana tsayar da bakin wuƙa a kan zaren robar da ya bushe, a riƙa karkarewa a hankali har ya kusa ɓacewa. Wanda ya ɗauko shafaffiyar sanda mai sanfefa ya yi ta gurzawa a tsawon layin, layin zai tafi, amma zai bar shafaffen fili a bayan tankin, wanda ya fi layin muni kuma ya fi shi wuyar gyara. Gwani yakan yanko siririn tsiri na sanfefa, ya kafe tankin, ya kama bakin tsirin biyu, ya yi ta ja dama da hagu a gicciye, kamar yadda mai goge takalma ke yi da ƙyallensa. Sanfefar tana lanƙwasa ta rungumi da'irar, ta ci daidai ko'ina. Ana farawa da mai lamba 400 ko 600, a koma 1,000, a ƙare da 2,000 ko sama. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushi. Ana jiƙa ta da ruwa don kada ƙura ta toshe ta. Kowace lamba aikinta shi ne share ƙarcen da ta gabanta ta bari, don haka wanda ya tsallake ɗaya zai ga ƙarcen ranar fenti.

Don a san ko an kai, ana bin mahaɗin da alƙalami mai baƙar tawada, a sake gogewa sama-sama. Duk inda tawada ta maƙale, rami ne. Ana cike shi da fila, ko da ɗigon sufagulu a bakin allura, ko da wani kwaɓi da maginan ke yi da kansu: su narkar da guntayen firam a ragowar kwalbar gam har ya yi kauri. Wannan kwaɓi yana da falala guda, shi da tankin jinsi ɗaya ne, taurinsu ɗaya, sanfefa tana cin su tare. Sufagulu kuwa yana da sharaɗi: a goge shi da wuri, don in ya kwana yakan fi robar tauri, sanfefa ta cinye gefe da gefe ta bar shi tsaye. A cike, a goge, a shafa tawada, a duba. Yin haka sau uku ko huɗu a kan tanki ɗaya ba baƙon abu ba ne.

Sai dai ba kowane layi ake kashewa ba, kuma nan ne ilimi ke jan ragamar ƙwazo. Tankin F-4 Phantom mai galan 370, ƙirar kamfanin Sargent Fletcher, yana da tudun haɗi na gaske da ke bin tsawonsa a gefe guda. Wasu tankunan suna da zobe a inda hanci da tsakiya da wutsiya suka haɗu. Wanda bai duba hoto ba zai shafe su duka. Wanda ya duba, in guga ta cinye su, sai ya mayar da su. Layi mai nutso ana sake tona shi da allura ko siririn zarto, bayan an naɗa tef mai kauri a zagaye ya zama jagora. Ja na farko ba a dannawa ko kaɗan, nauyin allurar ya isa. Sai a ja na biyar ko na shida layin ke zama, allurar kuma ta daina neman kauce wa hanya. Layi mai tudu kuwa dabararsa ta fi ban sha'awa. Ana riƙe guntun firam a saman harshen kyandir, ana juya shi har ya yi laushi, a janye daga wutar, a ja hannu biyu: sai ya miƙe ya zama zare, sirantarsa gwargwadon saurin jan. A naɗa zaren a tankin, a taɓa masa gam, in ya yi taushi a bi shi da tsinin wuƙa ana 'yan danne-danne kusa da kusa, har ya fito da sawun walda. 'Yan fikafikan da ke wutsiyar wasu tankuna kuma, mazubi ba ya iya fitar da su da sirantar da ta dace, tunda rabin milimita a 1/48 ya haura santimita 2 na ƙarfe. Ana goge bakinsu har ya yi kaifi, ko a yanke su a maye da siririn fallen roba.

Kuɗi na iya taƙaita wani sashe na wannan hanya. Kamfanoni irin su Eduard da ResKit na Yukren suna sayar da tankuna na rezin, wata roba mai tauri da ake zubawa tana ruwa ta daskare a mazubi, ko a buga ta da firinta mai fitar da abu da cikakkiyar siffarsa. Irin waɗannan ba su da dogon mahaɗi, murfinsu da ƙusoshinsu kuma sun fito ƙarara. Amma suna zuwa da nasu sharuɗɗa. Akwai gindin zubi da sai an yanke da zarto. Ƙurar rezin tana cutar da huhu, don haka a jiƙe ake goge shi, da takunkumi a fuska. Gam mai narkarwa ba ya kama shi, sai sufagulu. Na firinta kuma wani lokaci yakan zo da siraran layuka hawa-hawa da sai an shafe. Ban ga laifin sayen su ba, musamman in na cikin kwali siffarsa ba daidai take ba. Amma girmamawata ta fi tafiya ga wanda, in babu kamfanin da ya yi tankin da yake nema kuma babu shi a akwatin da yake tara ragowar kwalayen baya, zai ɗaure sandar roba a bakin injin huji, ya kunna, ya riƙa kusanto da magagari da sanfefa tana juyawa, yana aunawa da ɗan kwalin da ya yanke da siffar tankin daga zane, har ya fito. In biyu yake bukata, wuyar ta ninka, don dole na biyu ya zama tagwayen na farko.

Kafin fenti akwai shirin rataya. Wurin mannewa tsakanin tanki da maratayi siriri ne, ba ya jure ko ɗan bugu, fenti kuma yana hana gam kamawa. Gwani yakan huda ramuka biyu a maratayin da mahujin hannu mai kaurin rabin milimita, yana murza shi tsakanin yatsu, ya dasa guntayen wayar tagulla, ya huda takwarorinsu a bayan tankin. Wasu sukan binne ƙananan maganaɗisu maimakon waya, don su riƙa sauya lodin jirgi yadda suka so. Ramukan nan su ne kuma mariƙi lokacin fenti: a soka waya, a kafa ta a wani abu, hannu ba ya sake taɓa tankin.

Shimfiɗar farko toka-toka ce, tana kama roba, tana kuma tona asirin duk ƙarcen da ya rage. Ba abin mamaki ba ne a koma ga sanfefa daga nan. Ana fesawa ne da 'yar bindigar feshi da ake riƙewa irin riƙon alƙalami, fenti a tsinke da tina, hawa bayan hawa marasa kauri, ana juya tankin a hankali. Launi kuma da lamba ake nemansa. Sojin Amurka suna da kundin launuka mai lamba biyar-biyar. FS 36375, alal misali, toka ce mai haske da ake yawan gani a tankunan F-16 da F/A-18: lambar farko, 3, na nufin fenti marar ƙyalli, ta biyu, 6, na nufin dangin toka. Tankunan MiG-21 galibi farin ƙarfe ne tsirara, wanda ya fi kowane launi wuya. Ana fara fesa baƙi mai sheƙi, a bar shi ya bushe sarai, sannan a busa fentin ƙarfe sama-sama, kuma duk ɗan ƙarcen da ya tsira daga sanfefa a nan zai fito ya yi magana.

A yau ba a cika zubar da tanki ba sai ta kama dole, domin yana da tsada, saboda haka yakan yi shekaru yana aiki. A sansani kuma ba na jirgi ɗaya ba ne: ana sauke shi, a ajiye a rana, a ɗora wa wani jirgin. Shi ya sa launinsa kan ɗan saɓa da na jirgin da ke ɗauke da shi, har na dama ya saɓa da na hagu. Gwani yakan ƙara ɗigon fari a tokar ɗaya, ɗigon ruwan ƙasa a tokar ɗayan, bambancin da sai mai lura zai gani.

Rubuce-rubucen gargaɗi, irin su kada a taka nan, suna zuwa ne a takardar sitika ta ruwa. A yanko, a tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙoƙi kaɗan, a zame ta da burushi zuwa mazauninta. Tilas a fara fesa shimfiɗa mai sheƙi, domin a kan fenti mai kaushi iska kan maƙale ƙarƙashin sitikar ta yi fari-fari. Sannan a ɗiga mata wani ruwa mai tausasa ta. Za ta yamutse kamar ta lalace, kuma a nan ne sabon shiga ke kai hannu ya yaga ta. Masani yakan kau da kai ya bar ta; zuwa safe ta kwanta luf ta bi lanƙwasar tankin.

Datti ne na ƙarshe, shi ma da ƙa'idarsa. Man da ya zube a bakin murfi lokacin da jirgi ke tsaye, ƙasa yake gangarawa ya zagaye cikin tanki. Wanda ya tsattsafo ana cikin tafiya, iska ce ke jansa baya. Ana ɗora ɗigon fentin mai irin na masu zane a bakin tsinke, a ja shi da burushi mai ɗan danshin tina ta fuskar da ta dace. Tankin tsakiyar ciki yakan fi na fiffike dauɗa, don yana ƙarƙashin jikin da ke ɗigar mai, a bayan tayar gaba da ke watsa masa ruwa da ƙura. Jiragen da ke zaune a kan jirgin ruwa cikin iskar gishiri sukan yi dabbare-dabbare da facin fenti. Ni dai ba na goyon bayan yayin da ake yi na lafta wa kowane tanki baƙi da tsatsa don a burge ɗan kallo. Makanikan sojin sama suna wanke kayansu, kuma gwargwadon da hoto ya nuna shi ne gwargwadon da ya kamata.

Sai a fesa shimfiɗar rufewa marar ƙyalli, a zo ga ratayewa. Magini yakan sauke idonsa daidai hancin jirgi ya duba daga gaba, ya duba daga sama, ya duba daga gefe. Dole tankuna biyu su fuskanci wuri guda, nisansu da ƙasa ya zama ɗaya, 'yan madogaran da ke danne tanki don kada ya yi lilo kuma su taɓa jikinsa da gaske. A nan ma sani ne ke gaba: marataya na Super Hornet, wani nau'in F/A-18 mai tankunan galan 480, an karkatar da hancinsu waje da kimanin digiri 4 tun daga masana'anta don kayan da aka saki su rabu da jirgin lafiya, wanda ya miƙar da su kuwa ya kauce wa jirgin gaske. A gasannin IPMS, ƙungiyar masu gina samfura, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963 kuma babban taronta ke ci a garin Telford kowane watan Nuwamba, an san alƙalai da sunkuyawa su leƙa ƙarƙashin fiffike. Abin da suke fara nema, kafin kyan fenti, shi ne mahaɗin da ba a kashe ba, sawun gam, da abin da ya karkace.

Mai karatu, in Allah ya sa ka samu kwalinka na farko, kada ka zubar da tankunan da jirginka ba zai ɗauka ba. Haɗa su duka, ka koyi matsa gam da jan sanfefa a kansu, ka ajiye su mako guda, sannan ka fesa musu shimfiɗa ka juya su a gaban fitila. Sai ka iya fitar da ɗaya babu layi babu shafaffen wuri kafin ka taɓa waɗanda za su hau fiffike.